Raya ko Sels? Amsata ga wanda ya tambaye ni a bainar jama'a

Assalamu alaikum ɗan'uwa.

Tambayarka ta iso gare ni, kuma tunda a gaban jama'a ka yi ta, a gaban jama'a zan ba ka amsa. Ka ce kowa ya san ni da son Arsenal, don haka in faɗa tsakanina da Allah: David Raya na Arsenal da Matz Sels na Nottingham Forest, wa ya cancanci kyautar safar hannu ta zinare ta gasar Firimiyar Ingila a kakar 2024/25? Ka ƙara da cewa raba kyautar da aka yi musu bai gamsar da kai ba, domin a ganinka Raya ya yi wa Sels nisa.

Sels ne. Na faɗa da wuri don kada ka yi ta neman amsar a ƙasan takarda. Ina son Raya, na yi murna da ya sake ɗaga wannan kyauta, amma da ni za a ba wuƙa da nama in zaɓi mutum ɗaya, ɗan ƙasar Beljiyam ɗin nan zan miƙa wa.

Ka san ba zaɓe ake yi ba. Lissafi ne kawai: golan da ya fi yawan wasannin da aka tashi ba a zura masa ƙwallo ba, shi ke ɗauka. Raya ya yi 13, Sels ya yi 13. A ranar ƙarshe kowannensu yana da damar wuce ɗan'uwansa, sai Chelsea ta ci Forest 1-0, Arsenal kuma ta ci Southampton 2-1, duka ragogin biyu suka girgiza, aka raba. An taɓa yin haka a 2021/22 tsakanin Alisson da Ederson da wasa 20 kowanne. Ta fuskar ƙa'ida babu wanda aka zalunta. Amma kai ba ƙa'ida ka tambaye ni ba, cancanta ka tambaya, kuma a nan ne muka rabu.

Hujjarka babba ita ce Arsenal ƙwallo 34 kacal aka zura mata a kakar, mafi ƙaranci a gasar, Forest kuwa 46. Gaskiya ne. To amma su wa ke tsaye a gaban Raya? William Saliba da Gabriel, ga Declan Rice yana share tsakiya, ga ƙungiya da ke riƙe ƙwallo tana danna abokan hamayya cikin gidansu. Sau nawa muka kalli wasan Arsenal a filinta na Emirates, aka kwashe minti ashirin kyamara ba ta ma nuna Raya ba? Ba aibu ba ne, haka koci Mikel Arteta ya tsara. Sai dai idan ƙwallo ba ta zo wurinka ba, rashin shigarta raga aikin mutum goma sha ɗaya ne, ba naka kai kaɗai ba.

Forest a hannun kocinta na wancan lokacin, Nuno Espirito Santo, akasin haka take a waccan kakar. Tana cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarancin riƙe ƙwallo a gasar. Da gangan suke sakar wa abokin hamayya ita, su koma baya su toshe, su jira kuskure, sannan Anthony Elanga da Callum Hudson-Odoi su fita da gudu su nemo Chris Wood. Golan da ke bayan irin wannan tsari ba ya hutawa. Bugun kwana bayan bugun kwana, ƙwallon sama bayan ƙwallon sama, harbi daga nesa ta tsakanin ƙafafun mutane inda ba ya ganin tasowarta sai ta kusa. Yawan ƙwallayen da Sels ya ture a kakar ya ɗara na Raya nesa ba kusa ba, amma duk da haka suka tashi da 13 iri ɗaya.

Ka tuna kuma daga inda Forest ta taso. A 2023/24 ta ƙare ta 17, da maki 32 bayan an zabtare mata huɗu, an zura mata 67. A waccan kakar sun gwada Matt Turner, sun gwada Odysseas Vlachodimos, babu wanda ya kwantar musu da hankali, sai a ranar rufe kasuwar hunturu ta 2024 suka ɗauko Sels daga Strasbourg ta Faransa kan kuɗin da bai wuce kusan fam miliyan biyar ba. Mutumin da ya taɓa zuwa Newcastle a 2016 bai yi armashi ba, da yawa sun manta da shi. A kakar 2024/25 Forest ta ƙare ta bakwai da maki 65, ta samu gurbin gasar Turai.

Wasan da ya yanke mini hukunci ba ya ma cikin goma sha ukun nan. Ranar 14 ga Janairun 2025 ne, Liverpool ta je City Ground, filin Forest. Wood ya ci tun minti na takwas. Bayan hutun rabin lokaci Diogo Jota, Allah ya sa mun ga irin basirarsa kafin rasuwarsa, ya shigo daga benci, taɓawarsa ta farko ya sa kai a bugun kwanar Tsimikas ya farke. Daga nan Liverpool ta buɗe wuta. Ina zaune ina kallo, hannuna a kai, ina jiran ta biyu. Jota ya sake samun dama a kusa da raga, Sels ya baje jiki ya tare. Ya sake samu, ya sake tarewa. Szoboszlai ya harba, ya ture. Salah ya lanƙwaso wata, ya kai mata hannu. Wadda ta wuce shi kuma Ola Aina ya cire ta a kan layi. Aka tashi 1-1 da ƙungiyar da ta zo ta lashe gasar. A littafin kyautar safar zinare, wannan daren bai ƙara wa Sels komai ba, tunda ƙwallo ɗaya ta shiga. Amma wasan da Forest ta yi wa Brighton 7-0 makonni kaɗan bayan nan an lissafa masa shi cikakke. Ka ga inda ma'aunin yake da rauni?

Kada ka ce na rufe ido kan inda Sels ya gaza. Bournemouth ta zura masa biyar a Janairu, Newcastle ta zura masa huɗu a Fabrairu, mu ma mun ba shi uku a Emirates. Bayan 1 ga Afrilu, ranar da suka ci Manchester United 1-0, wasa takwas suka rage kuma babu ko ɗaya da ya fita ba a ci shi ba, a daidai lokacin da Forest ke zamewa daga mataki na uku. Ko a wancan wasa na United, Murillo ne ya kwashe ƙwallon Harry Maguire a kan layi ana dab da tashi. Shi ma yana da katanga, Murillo da Nikola Milenkovic ba ƙananan 'yan baya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a Forest ko a Arsenal.

Raya kuma yabon gwani ya zama dole. Abin da ya yi a wasan Aston Villa a Villa Park a watan Agustan 2024, ya faɗi ƙasa bayan ƙwallo ta daki turken sama, ya miƙe cikin ƙiftawar ido ya ture kan da Ollie Watkins ya sa, ba kowane gola ne zai iya ba. A wasan Newcastle na watan Mayun 2025 shi ya riƙe mu a zagayen farko kafin Rice ya ci. Wajen fitowa ya cafke ƙwallon sama da rarraba ta da ƙafa, ya fi Sels, ban yi musu ba. A 2023/24 da ya ɗauki kyautar shi kaɗai da wasa 16, ban ji ɗar ba. Wannan karon ne dai na ga wanda ya fi shi ɗaukar nauyi.

Abin da ke damuna da wannan kyauta ya girmi Raya da Sels. Dubi David de Gea na Manchester United a 2022/23. Ya lashe ta da wasa 17, a kakar da Liverpool ta zura masa bakwai a Anfield, Manchester City shida, Brentford huɗu, har da ƙwallon Josh Dasilva da ta sulale ta ƙarƙashin hannunsa. Kakar na ƙarewa United ta rabu da shi bayan shekara goma sha biyu, ya zauna shekara guda ba ƙungiya kafin Fiorentina ta ɗauke shi. Wato gasar ta ba shi kambun gwarzon gola, ƙungiyarsa kuma ta ga lokacin neman wani ya yi. Tun daga Petr Cech da ya fara ɗaukarta a 2004/05 da wasa 24, lokacin da Chelsea ta Mourinho ta karɓi ƙwallo 15 kacal, kusan kullum golan manyan ƙungiyoyi ke kwashe ta. A Sifaniya kyautar Zamora tana duba adadin ƙwallayen da aka zura wa gola a kan yawan wasanninsa, wadda Jan Oblak ya ɗauka sau shida, amma ita ma ƙarfin 'yan baya take aunawa tare da na gola. Shi ya sa golan Forest da ya kutsa cikin wannan layi ya fi burge ni.

Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Da 'yan wasan gasar suka zaɓi gwarazan sha ɗaya na kakar ta ƙungiyarsu ta PFA, sun sa Saliba da Gabriel a baya, suka sa Sels a raga. Mutanen da suka yi ta harba wa golan biyu ƙwallo tsawon wata tara, sun ba Arsenal yabonta a 'yan baya, sun ba Forest nata a tsakanin turaku.

Ina roƙonka abu ɗaya kafin ka mayar mini da martani. Nemi wasan Forest da Liverpool na 14 ga Janairu, ka kalli minti ashirin da biyar na ƙarshe, idonka a kan Sels kawai. Idan ka gama, kawo mini wasan Firimiya ɗaya na Raya a wannan kakar da kake ganin ya kai shi, mu zauna mu kalle shi tare.

Wassalam,
Ɗan'uwanka a son Arsenal.