Rahoton Shekara na Zauren Karatunmu: Saƙonnin Maiƙo a Cikin Ƙwayar Halitta

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, ga taƙaitaccen abin da muka yi bana.

Kamar yadda aka tsayar a taron farko, karatun shekarar nan kacokan ya tafi ne kan maiƙon da ke fatar ƙwayar halitta, wanda da yawanmu muka ɗauka katanga ce kawai, ashe daga nan ake ba enzayim, wato sunadarin da ke gaggauta aikin sinadarai a jiki, umarnin ya tashi aiki ko ya kwanta. Mun faro da PIP2, ɗaya daga cikin maiƙon fatar, yadda enzayim PLC ke tsaga shi gida biyu, wato IP3 da DAG, IP3 ya je ya saki kalsiyam, DAG kuma ya tsaya a fatar ya kunna PKC, enzayim ɗin da Yasutomi Nishizuka ya gano a Japan a 1977. Wannan bai ba mu wahala ba.

Inda muka daɗe shi ne enzayim PI3K, aikin su Lewis Cantley na 1988, don shi ba ya tsaga PIP2 ɗin, wani ɗan gungun sinadari da ake kira fosfet guda ɗaya yake ƙara masa ya koma PIP3, sai PIP3 ya janyo enzayim biyu, Akt da PDK1, su haɗu a fata, Akt na samun fosfet ɗinsa sai ya bi BAD da FOXO, sunadaran da ke tura ƙwaya ga mutuwa, ya rufe musu baki, ƙwayar ta fasa mutuwa. Enzayim PTEN ne ke cire fosfet ɗin da aka ƙara wa PIP2 ya mai da komai baya, shi ya sa in ya lalace ƙwayar da ya kamata ta mutu sai ta yi ta rayuwa, kuma ana yawan ganin haka a cutar kansa. Maganin alpelisib da Amurka ta amince da shi a 2019 don wani nau'in kansar mama, PI3K ɗin yake dannewa.

Muhawara kam a kan siramaid, shi ma wani maiƙon fatar ne, aka yi ta, har aka ɗan ɗaga murya. Shi yana tura ƙwaya ga mutuwa, ciki har da kunna enzayim PP2A mai kashe wa Akt wuta, amma in aka sarrafa shi ya zama wani maiƙon mai suna S1P sai ya koma mai raya ta. A ganina masu cewa rinjayen ɗaya kan ɗaya tsakanin siramaid da S1P ne ke yanke hukuncin rai ko mutuwar ƙwaya sun fi hujja.

Gaskiya halarta ta ja baya lokacin jarrabawa, kuma kuɗin wata har yanzu wasu ba su cika ba, don Allah a tuntuɓi ma'aji. Ɓangaren furostagilandin, wani saƙon maiƙo shi ma, da aspirin ba mu kai gare shi ba, da shi za mu buɗe baɗi in sha Allah, mai son gabatarwa ya ba sakatare sunansa.