Barka da Sallah Inna, ga labarin tafiyarmu New York

Assalamu alaikum Inna, barkanku da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina gaida Yaya Babba da iyalinsa, da su Goggo, da Auta sarkin ƙorafi. Ya hidimar layya, ya zafin Katsina, an samu ruwa kuwa? Mu nan Greensboro yanzu muka sauko daga idi, ku kam na san har kun gama fiɗa an ɗora suya tunda awa 5 kuka riga mu. Namu ragon yana gona can bayan gari sai anjima za mu je a yanka, nan ba a ɗaure rago a ƙofar gida yara suna ba shi dusa, layi ake bi kamar asibiti. Auta ki karanta wa Inna a hankali don Allah, banda tsallake.

Kun yi ta kira wancan satin ba ku same ni ba, Yaya har da cewa ko an kama ni ne. Lafiya lau nake, tafiya muka yi. Kun tuna lokacin da muka taso daga New York a 2021 na ce muku mun bar wasu kaya a can? To a nan akwai masu ba da hayar ɗakin ajiya, sito ne dai jere-jere da ƙofar ƙarfe irin ta shago, ka zuba kayanka ka sa kwaɗo kana biya duk wata, in ka daina biya su yi gwanjon kayan. Na ce wata 3 zan dawo in kwashe. Inna shekara 4 kenan. Dala 140 duk wata tana fita daga akawun ba ta sallama, ran nan maman yara ta zauna da biro ta buga lissafi ta ajiye min takardar a kan filo, dala 6,720. Ban ce komai ba, ina zan ce? Kuɗin da ya isa a gyara soron gidanmu har a yi canji. Kar ki gaya wa Kawu wannan lissafin, Auta.

Da hutun ƙarshen watan Mayu ya zo, wanda suke tunawa da sojojinsu da suka mutu, sai na ɗauko hayar motar kaya muka kama hanya ni da babban jikanku, ita ta zauna da ƙananan. Ban bi ta Washington ba saboda go-slow, ta Roanoke muka hau babbar hanya mai lamba 81, tsakanin duwatsun Virginia, ko'ina kore shar, ga shanu manya-manya suna kiwo ba makiyayi, yaron nan sai ɗaukar hoto yake wai a turo wa Inna. Nisan ya ɗan ɗara Katsina zuwa Abuja, amma ba shinge ko ɗaya, ba mai ce maka ina takardu.

Harrisburg muka kwana wajen abokina ɗan Maraɗin nan da muka yi zaman ɗaki ɗaya da shi farkon zuwana, wanda ya taɓa kawo muku saƙo. Garin cike yake da mutanen Nijar kamar dai nan Greensboro. Inna mutumin nan ya yi furfura har gemu, ni ma haka ya ce min, muka tsaya muna yi wa juna dariya a bakin ƙofa. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa miyar kuka da man shanu na gaske, sannan aka kafa shayi, har ƙarfe 2 na dare muna lissafin waɗanda muka zo tare, wane ya koma gida, wane yana tuƙin tirela a Ohio, wane ya rasu an binne shi a New Jersey. Da safe ya ce ba zai bar ni in tafi ni da yaro kaɗai ba, ya shigo motar.

Awa 3 da wani abu muka isa gadar George Washington, ita ma yanzu ba mai karɓar kuɗi a hannu, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota a aiko maka da bil. Muka shiga Bronx, na ɗaga ƙofar sito, wari ya buge mu. Katifa ta yi fumfuna, kujerun da nake ta tattali ɓera ya yi gida a ciki, talabijin irin mai ƙaton ƙeyar nan wadda ko kyauta ba mai karɓa. Ga keken koyon tafiya na yaron da yanzu yake tsaye kusa da ni ya kusa kamo ni tsawo. Ya dube ni ya ce Abba wannan ake biya wa kuɗi? Ɗan Maraɗi ya ce ƙyale babanka, kowannenmu da irin nasa sito.

Kashi uku muka yi. Na zubarwa, na sadaka, na turowa gida. Katifar ma sai da muka sayo leda muka naɗe ta ruf, dokar garin ce saboda kuɗin cizo, in ka yar haka nan tara za a ci ka. Tukwane da barguna da rigunan sanyi muka kai masallacin 'yan Ghana da nake salla a da, akwai samari sababbin zuwa da ko cokali ba su da shi, kafin la'asar an wawashe. Limamin ya gane ni, ya riƙe mu sai da muka ci waakye, wato shinkafa da wake irin tasu, Hausarsu ta zango tana nan yadda na bar ta, jikanku yana ta mamaki wai ashe 'yan Kumasi ma Hausa suke ji.

To a can ƙuryar sito, ƙarƙashin kwalaye, sai ga jakar da na zo da ita a 2004, shuɗiyar nan da Baba ya saya min a babbar kasuwa. Zif ɗin ya ci tsatsa sai da wuƙa. A ciki akwai dardumar da kuka ba ni, da hular zanna da ban taɓa sawa ba, da kaset guda ɗaya an rubuta sunana da ajami, hannun Baba. Wallahi na manta da shi sam. Wanda ya aiko min ne da wani alhaji shekara ɗaya bayan tafiyata, lokacin kati ake saya a kira waya minti kaɗan ya ƙare. Ba mu da abin sa shi, sai da muka koma Harrisburg ɗan Maraɗi ya tono wata tsohuwar rediyo a gareji, ya hure ƙura, ya juya zaren da biro.

Inna muryar Baba ce tar kamar yana ɗakin. Ya yi sallama ya yi gyaran murya irin nasa sau biyu, ya ce an samu damina gero ya yi kyau, ya ce in riƙe salla in kiyayi bashi. Can baya ana jin zakara, ana jin ku kuna cewa Auta sauko daga kan turmin nan kar ki faɗi. Sai ya ce, ka ce mana shekara biyu, to ɗaya ta wuce, muna nan muna ƙirgawa. Daga nan ban iya ci gaba ba na fita waje na zauna a mota. Yaron da bai taɓa ganin kakansa ba shi ya zauna ya ji har ƙarshe, da muka kamo hanya yake tambayata me ake nufi da Allah Ya yi maka albarka, don ya ji an faɗa sau da yawa. Allah Ya jiƙan Baba Ya kai haske kabarinsa.

Na sa an juye shi a waya, zan turo wa Yaya ta WhatsApp amma sai bayan Sallah in baƙi sun ragu, kuma Yaya ka fara ji kai kaɗai kafin ka kai wa Inna. Kaset ɗin kansa ba zan sa a durom ba, da hannuna zan kawo shi.

Durom biyu na cika na ba masu jirgin ruwa, ta Legas zai biyo, sun ce wata 2 zuwa 3 amma kun san halinsu. Akwai zannuwan gado da kuloli na Inna, takalma na yaran Yaya, keken ɗinki na Goggo. Auta blender ɗin da kika nace ban sako ba, wutar nan 120 ce taku 230, kina jonawa zai ƙone, gara in turo kuɗi ki saya a nan. Keken Goggo na ƙafa ne ba ruwansa da NEPA.

A ajiye min ƙafar rago a soya ta sosai, in an samu mai zuwa a aiko da kuka da daddawa, nama kam ba sa bari a shigo da shi don haka ku cinye da sunana. Yaya in kun je kallon hawa Ƙofar Soro ka ɗauko min bidiyo mai tsawo, na bara duk ƙeyar mutane ka ɗauka. Ga maman yara nan tana cewa in miƙa gaisuwa, kuma tana ta nuna min agogo, layin yanka ba ya jira.

Ɗanku na Amurka.