Ku daina turo mana bidiyon da ba ku tantance ba

Edita,

Tun bayan sace 'yan matan Chibok a 2014, Baturen Ingila in ya ji "Arewacin Najeriya" Boko Haram yake hangowa. Bai san Chibok a Borno take ba, balle ya san riɗin Jigawa ko kasuwar dabbobi ta Maigatari.

'Yan'uwa na karkarar Gumel da Ringim, kuna ƙara wa wutar fetur. A turo bidiyon gawarwaki ta WhatsApp, babu sunan gari, babu rana. Ɗanku da ke waje ya watsa, alhali tsohon hari ne na wata ƙasa. Kafin ku tura, ku saurari harshen da ake yi a ciki, ku dubi lambar mota da kakin jami'ai, sannan ku kira wani mazaunin garin.

Naku,
Ɗan Jigawa mazaunin Ingila