Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sanata John Thune, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dattawan Amurka

Mai girma Sanata, gaisuwa da fatan alheri.

Da ka karɓi jagoranci a Janairun 2025, ka sha alwashin kare filibasta, dabarar nan da ke hana a kaɗa ƙuri'a kan ƙuduri sai an sami sanatoci 60. To bari in tuna maka wani ɗan jam'iyyarku ta Rifablikan da wannan dabara ta karya wa gwiwa.

Leonidas Dyer lauya ne daga St. Louis, ya shiga Majalisar Wakilai a 1911. Bayan kisan gillar da aka yi wa baƙar fata a East St. Louis a 1917, tsallaken kogi da mazaɓarsa, sai ya kawo ƙuduri a 1918: gungun mutane in sun kama mutum sun rataye ba shari'a, gwamnatin tarayya ta hukunta su, ta hukunta jami'in da ya naɗe hannu, ta ci ƙaramar hukumar tarar dala 10,000. Wakilai sun amince a Janairun 1922. Da ya iso zaurenku, sanatocin kudu na Dimokurat suka yi ta jan magana har ya mutu.

Abin takaicin, dokar da Dyer ya kawo kan satar mota a tsallaka da ita wata jiha ta wuce tun 1919. Wato mota ta riga ran baƙar fata samun kariyar tarayya da shekara 103, don sai a Maris na 2022 aka sa hannu kan dokar Emmett Till, wadda ta mai da irin wannan kisan gilla laifin tarayya. Dyer ya rasu tun 1957.

Kana sanata a 2005 lokacin da majalisarku ta nemi gafarar iyalan mutum sama da 4,700 da aka kashe haka tsakanin 1882 da 1968, saboda gazawarta wajen yin dokar hana wannan kisa. Madalla da neman gafara! Amma wuƙar da aka yi yankan da ita tana nan kun rataye, har kana wasa ta. Da ita aka toshe ƙudurin kare haƙƙin zaɓe mai sunan John Lewis a Janairun 2022. Ko sai jikokinku sun zo su ma su ba da haƙuri?

Kada a ce al'ada ce ba a taɓa ta. Majalisarku ta janye ta daga naɗin alƙalai a 2013, da na Kotun Ƙoli a 2017. Don Allah a yi wa haƙƙin zaɓe haka: a kawo ƙudurin zaure, kowa ya kaɗa ƙuri'arsa a bainar jama'a, rinjaye ya yanke.

Na gode.
Wani mai bin zamanku daga nesa