Kalmar "convoluted" ta wuce "abu mai wahala"

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina bin shirinku na koyon Turanci, kuma malamin da ke gabatar da shi yana ƙoƙari, Allah Ya saka masa. Sai dai bayanin da ya yi wa kalmar "convoluted" a makon jiya bai gamsar da ni ba. Cewa ya yi "abu mai wahala" ne, ya wuce gaba. To ai hawan dutse ma da wahala, amma ba Baturen da zai siffanta shi da wannan kalma.

Daga Latin ta fito, "convolvere", wato naɗe abu wuri guda. Tushensu ɗaya da "volume", wato kundin littafi, domin littattafan Romawa na dā naɗe su ake yi. Tun asali siffa ce da ido ke gani: abin da ya murɗe, ya lanƙwashe, ya sake kanannaɗewa a kansa.

Ɗaliban likitanci sun fi kowa saninta. A kowace ƙoda akwai 'yan matatu kusan miliyan ɗaya, kowace da siririn bututu murɗaɗɗe, kuma da wannan kalmar ake kiransa. Ƙodoji suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a rana, amma abin da ke fita fitsari bai cika wuce lita 2 ba. Mafi yawan sauran, da gishiri da sukari, ta waɗannan bututu yake komawa jini. Murɗewar ce ta sa dogon bututu ya samu mazauni a ɗan ƙanƙanin wuri. Lanƙwashe-lanƙwashen saman ƙwaƙwalwa ma "convolutions" ake ce musu.

In an ɗora kalmar a kan magana kuwa, zargi ne. Abu yana iya zama "complicated", wato mai sarƙaƙiya, ba laifin kowa, haka yake. Amma ranar da malami ya rubuta "convoluted" a gefen jarrabawar ɗalibi, yana nufin yaron ya yi ta kewaye-kewaye da kwana-kwana a kan abin da jimla biyu za su isar. Wanda ya riƙe "mai wahala" kaɗai zai ɗauka yabonsa aka yi.

Don Allah a sake taɓo kalmar a shiri na gaba, a kuma raba ta da "spiral", wadda nata naɗin a tsare yake, yana zagaya cibiya ɗaya.

Naka,
Mai sauraro na kullum