A Raba Wa Lambar Sirri Layi Da Saƙonnin Talla

Ranka ya daɗe Edita,

Ina jan hankalin masu gina manhajojin intanet kan ɗabi'ar zuba duk ayyukan bayan fage (waɗanda kwamfuta ke yi ba a gaban mai amfani da manhajar ba, kamar tura saƙonni) a layin jira ɗaya. Idan kwamfuta tana kammala aiki 50 a daƙiƙa, aka antaya mata saƙonnin talla 30,000, lambar sirrin tantancewa da ake turo wa mutum, wadda yake jira, waya a hannu, sai ta shafe minti 10 a baya, ta iso bayan wa'adinta ya ƙare. Sidekiq da Celery, manhajojin da ke tafiyar da irin waɗannan ayyuka, duk suna ba da damar raba layuka, a keɓe wa na gaggawa nasa ƙarfin. Ya kamata kuma a riƙa auna daɗewar aikin da ya fi jira, domin tsawon layi kaɗai ba ya nuna cunkoso.

Naku,
Mai karatu daga Kano