Wasiƙa daga Maraɗi kan wuraren da za ka kai yara a Yamai

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da uwargida da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka yi mini afuwa da jinkirin amsa. Saƙonka ya iske ni ina shirin tafiya Yamai kan takardun karatun autana, sai na ga gara in bari in dawo, tunda tambayarka ma a kan Yamai take. Ka ce za ku kwana uku a can kafin ku kamo hanyar Maraɗi, kuma ba ka son yaran su koma ba su ga komai ba sai babbar kasuwa da Gadar Kennedy.

To, ka kai su gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, amma kada ku ƙare a wurin zakoki da dorina kamar yadda muke yi lokacin da muke ɗalibai. A cikin harabar akwai wani ɗan gini da mutane ke giftawa ba su waiwaya ba, saboda abin da ke cikinsa busasshen itace ne kawai. Shi ne Itacen Tenere, kuma wallahi tun da na tsaya a gabansa bai fita daga raina ba. Itacen ƙaya ne, ɗan'uwan bagaruwa, da ya rayu shi kaɗai a tsakiyar rairayi kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, har masu zana taswira suka sa shi kamar yadda ake sa gari. Da aka haƙa rijiya kusa da shi a 1939, an tarar saiwarsa ta gangara fiye da mita 30 tana neman ruwa. Abzinawa sun yi ta wucewa da dubban raƙuma shekara da shekaru, suna cikin tsananin bukatar itacen dafa shayi, amma ba wanda ya karya reshensa ko ya bar raƙuminsa ya ci ganyensa. A 1973 direban wata babbar mota ya buge shi ya kayar, a filin da babu wani abin karo sai shi. A shekarar aka ɗauko gawarsa zuwa Yamai, daga baya aka kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Ina tsaye a wurin sai na tuna kakanka, Allah ya jiƙansa, da labarin da yake ba mu na kantun gishirin Bilma da ake saukewa a kasuwa bayan kaka. Mai yiwuwa raƙuman da suka kawo shi sun huta a gindin wannan itacen. Ka ba yaran labarin kakan nasu tun kafin ku shiga, domin in ba haka ba gungume kawai za su gani.

Daga nan ku leƙa ƙasusuwan dabbobin dā da aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas, har da na wani kada wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsayin mutum. Maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa ma suna aiki a cikin harabar, ana iya zama a kalle su.

Wuri na biyu shi ne majemar Gamkalle, a bakin kogi. Warin yana da ƙarfi, ka gargaɗi uwargida, amma ya kamata ɗan Maraɗi ya ga yadda ake jiƙa fata a ruwan bagaruwa, tunda fatar jar akuyarmu ce ta kai sunan garinmu ƙasashen waje. Raƙuman dawa na Kure kuwa suna kan hanyarku ta zuwa Doso, kamar kilomita 60 daga Yamai, sai dai ka fara tambayar halin tsaro kafin ku ratse.

Inna ta ce in gaya maka ta sa an gyara ɗakin baƙi tun yanzu. Ka sanar da ni ranar saukarku da wuri, domin ina son in nemi izini a wurin aiki in tarye ku a Yamai, mu shiga wurin itacen tare.

Ka gaida mutanen gida baki ɗaya.

Naka,
Amininka na Maraɗi